MAGANIN MANTUWA: Don mai ciwon muke ba shi, ko don mu samu barci?



 Daga Gusau nake magana kamar kullum, kuma wannan shi ne rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta ɗaukar murya.

Kafin in fara, maganar yau tana da nauyi. In ka taɓa shiga hannun mutanen daji, ko kin rasa wani a hannunsu, kuma kana cikin karatu ka ji gabanka ya fara faɗuwa, ka ajiye waya ka huta. Ba dole sai ka kai ƙarshe ba.

Tambayar da zan yi magana a kai ita ce: in da akwai ƙwayar da mutum zai sha ta dusashe masa tunanin mugun abin da ya same shi, ya halatta ya sha? Ya halatta mu ba shi? Ba a littafi na fara haɗuwa da wannan tambaya ba. A ɗakina na haɗu da ita, kuma amsar da na bayar a lokacin kuskure ce. Shi ya sa zan fara da laifina kafin in taɓo na kowa.

Ina da ɗan ƙanen mahaifina, zan ce masa ƙanena. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin in ba da labarin nan. Hatsi yake saye a Tsafe yana kawowa Gusau. Wata ranar da yamma aka tare motarsu a hanya, aka kora su daji. Kwana 43 ya yi. An sayar da shanun huɗa guda biyu da babur da wani yanki na gonar gado kafin aka haɗa kuɗin fansa. A can daji sarƙa ɗaya aka saka masa shi da wani dattijo, ƙafa da ƙafa. Dattijon bai fito ba.

Da ya dawo sai aka ce ya zauna wurina a birni, ko zai samu natsuwa. Jama'a suka zo barka, kowa yana cewa "Allah ya kiyaye gaba, ka manta, ya wuce." Da rana lafiya lau yake. Dare ne matsala. Da takalmi yake kwanciya. In babur ya wuce ta layinmu bayan isha'i sai ka ga ya zabura ya manne da bango. Ƙarfe biyu, ƙarfe uku na dare sai ihu, yana jan ƙafarsa kamar har yanzu da sarƙa. Ni kuma da safe ina da wurin zuwa.

A dare na tara na gaji. Na je wurin wani mai kemis, na ce masa ina da wanda ba ya barci. Bai tambaye ni shekarunsa ba, bai tambaye ni me ya same shi ba. Ya ƙirgo min wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, waɗanda samari ke ce wa D5, wato diyazafam. Kuɗin bai kai na kwanon gero ba. A daren nan ƙanena ya yi barci. Ni ma na yi barci. Na tashi ina cewa alhamdulillahi, an samu magani.

Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Da safe jikinsa a mace, sai wani abokinsa ya nuna masa tiramol don ya iya tashi ya fita. Cikin wata uku yaron da ke lissafin buhu ɗari da ka ya koma ba ya iya riƙe magana daga farko zuwa ƙarshe. Ihun dare ya ragu, gaskiya ne. Amma shi kansa ma ya ragu.

Sai ga wata rana an yi sallama. Ɗan dattijon nan ne da aka ɗaure su tare, ya yi ta cigiya har ya gano gidanmu. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce: "Yallaɓai, ba komai ya kawo ni ba. An ce shi ne na ƙarshe da ya ga Baba. Inna tana zaune, ba ta san ko ta shiga takaba ba ko ta ci gaba da jira. Alƙali ya ce ba a raba gado sai an tabbatar. Muna son mu san ranar da ya cika, da inda aka sa shi, da ko ya bar wasiyya."

Ƙanena ya buɗe baki, harshe ya yi masa nauyi. Ya fara, ya ɓace, ya sake farawa, ya ce Juma'a, ya ce a'a Talata. Yaron nan ya zauna yana kallonsa har ya yi shiru, ya yi mana godiya, ya tafi hannu rabbana.

Wallahi a ranar na gane abin da na yi. Mutum ɗaya ne a duniya yake ɗauke da shaidar mutuwar wannan bawan Allah, ni kuma na sa masa hazo a kai saboda ina son in yi barci. Ban taɓa tambayarsa ko yana son ƙwayar ba. Na miƙa masa da ruwa kawai, shi kuma yana ganin girmana, ya karɓa.

To bari mu ɗan koma gefen ilimi, don mu fahimci abin da muke magana a kai.

Lokacin da mutum ya shiga firgici mai tsanani, jiki yana sakin wani sinadari da ake kira adaranalin. Shi ne ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya yi gumi. Shi ne kuma ke sa ƙwaƙwalwa ta buga wa wannan lokacin hatimi mai zurfi, don gobe in ka ga irinsa ka gudu. Rahama ce a asali. Amma a wurin wasu hatimin yana yin zurfi fiye da kima, har ƙarar babur ko warin hayaƙin itace ya mayar da su daji suna zaune a tsakar gida. In abin ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwa, likitoci suna ɗaukarsa cuta, suna taƙaita sunanta da PTSD. Mu ce ciwon firgici. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne.

Akwai wani tsohon maganin hawan jini da ciwon zuciya mai suna furofranolol, wanda aikinsa shi ne tare wa adaranalin hanya. A shekarar 2002 wani likita a birnin Boston na Amurka, Roger Pitman, ya gwada ba wa mutanen da aka kawo asibiti bayan haɗari wannan magani cikin 'yan awoyi, don ya ga ko zai hana hatimin yin zurfi. Gwajin ƙarami ne, mutanen ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da cewa yana yin rigakafi ba.

Daga baya wani masani a Kanada, Alain Brunet, ya bi wata hanyar. Bincike ya nuna cewa duk lokacin da ka tuno wani abu, tunanin yana yin laushi na 'yan awoyi kafin ya sake daskarewa, kamar ginin laka da aka yayyafa wa ruwa. Sai ya ce to a ba mutum maganin, bayan kamar awa guda a sa shi ya karanta labarin abin da ya same shi da bakinsa a gaban mai duba shi, sau ɗaya a mako, har mako shida. Labarin yana nan daram, amma zafin da ke tare da shi yana raguwa. Bayan harin da aka kai birnin Faris na Faransa ranar 13 ga Nuwamba 2015, wanda ya kashe mutum 130, an gwada wannan hanya a asibitocin birnin. Har yau masana ba su haɗu a kan ƙarfin tasirinta ba, wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Kuma ina roƙonku, kada wani ya ji sunan nan ya nufi kemis. Maganin yana saukar da bugun zuciya, kuma yana iya halaka mai asma.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne, ko wannan da 'yan jarida suka laƙaba wa maganin mantuwa, ta hanyar tunawa yake aiki. Sai ka faɗi labarin, sai wani ya zauna ya saurare ka.

Tun kafin a kai ga haka aka fara muhawara a can. A 2003 kwamitin da ke ba shugaban Amurka shawara kan ɗa'ar harkar lafiya ya fitar da rahoto yana nuna damuwa. Suka ce in aka dusashe wa mutum zafin abin da ya gani, anya shi ne dai mutumin da? Mai shaida a kotu fa? Sojan da ya kashe farar hula fa, in ya sha ya daina jin ciwon abin da ya aikata? Al'ummar da aka zalunta fa, in duk waɗanda suka tsira suka daina jin zafi, wa zai hana a maimaita? Wasu masana kuma suka mayar musu da martani, suka ce da sauƙi mai ƙoshin lafiya ya zauna a ofis ya ce wa wadda aka yi wa fyaɗe ta riƙe azabarta don amfanin tarihi. In an yarda a ba mai karaya maganin zafi, don me za a hana mai karayar zuciya?

Su suna muhawara a kan maganin da bai gama fitowa daga ɗakin bincike ba. Mu a nan Zamfara namu maganin mantuwar ya daɗe da shiga gari, ba likita, ba muhawara. Tiramol, diyazafam, roci, ekzol, kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha. A watan Mayun wannan shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake sayar da shi. Tiramol ɗin da aka yarda da shi a asibiti mai lamba 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a tasha mai 200 ne da 225.

Yanzu ku ɗora wannan a kan abin da jiharmu ta gani. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙirga mata 4,983 da aka kashe wa mazaje da marayu 25,050, daga 2011 zuwa 2019 kawai. Bayan nan aka yi Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan mata 279. Aka yi Wanzamai ta ƙasar Tsafe a Afrilun 2023, inda aka kwashe mata da yara kusan tamanin da suka fita itace. Aka yi Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu a Satumban 2023, aka shiga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Na ƙauyukan da ba ɗan jarida ya fi yawa. Duk wanda ya dawo ana yi masa barka da arziki kwana uku, a watse. Daren da ke biyo baya shi kaɗai yake kwana da shi.

Shi ya sa idan na ji ana cewa samarinmu sun lalace da shaye-shaye, ina yarda akwai lalacewa, amma ina so a riƙa tambaya: wannan yaron me ya gani? Ba kowane mai ƙwaya ne mai neman nishaɗi ba. Wani so yake fuskar da ke zo masa cikin dare ta ba shi awa huɗu.

Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba sa warkar da ciwon firgici. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa ba wanda ya fito daga tashin hankali dangin diyazafam don rage masa firgici. Jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, sai an ƙara, kuma suna iya jinkirta warkewa. Tiramol mai yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya. In aka haɗa su biyun suna iya danne numfashi mutum ya wuce cikin barci. Tunanin kuma yana nan inda yake, an dai rufe shi da tabarma.

To me addini ya ce? Ni ba malami ba ne, amma akwai abubuwa guda uku da na koya a gaban malamai da suka taimake ni.

Na ɗaya, neman magani sunna ne, kuma baƙin ciki yana cikin abin da ake nema wa sauƙi. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, in aka yi rasuwa a danginta takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba masu makoki, saboda Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya ambaci cewa tana sanyaya zuciya kuma tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Ku lura, wani sashe. Annabi Yaƙub ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. Don haka mai cewa "ka yi haƙuri kawai, zuwa asibiti rashin tawakkali ne" bai yi wa addini adalci ba.

Na biyu, labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya zo ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa. Ya sa shi ya ba da labarin yadda ya yi kisan, ya saurara. Sannan ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa. An yafe, an ji gaskiyar abin da ya faru, kuma an nisanci abin da ke tayar da ciwon. Duka ukun a wuri ɗaya. Ba inda aka ce a yi kamar ba a yi ba.

Na uku, hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, kuma Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida. Abin da zai gusar da hankalin mutum har ya kasa faɗin abin da ya gani, in ba larura ce da likita ya auna ba, ya taɓa duka biyun.

Daga nan ne na tsayar wa kaina tambayoyi uku da nake yi kafin in ce wani magani ya dace ko bai dace ba.

Tambaya ta farko: wa ya zaɓa? Wata abokiyar aikinmu da ke zagaya gidajen da 'yan gudun hijira suka raɓa a nan Gusau ta ba ni labarin wata yarinya daga ƙauyukan Bungudu, wadda ta yi makonni a daji. Uwarta ce ke daka mata ƙwaya a cikin kunu ba tare da saninta ba. Da aka tambayi uwar, sai ta ce: "Ɗiyata, mi kike so in yi? In ta yi kuwwa da dare maƙwabta na ji. Ga wanda ka son ta da aure, in maganag ga ta fita ya tafi." Ban zagi wannan uwa ba, don na yi irin abin da ta yi. Tsoro ne da ƙauna suka haɗu mata. Amma yarinyar nan an riga an yi mata abu da ƙarfi sau ɗaya a daji. Zuba mata magani a ɓoye ƙwace mata iko da jikinta ne karo na biyu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin marar lafiya na a nemi yardarsa a kan maganin da za a yi masa. Mai ciwon shi ke da tunaninsa.

Tambaya ta biyu: don wa? Wannan ita ce mai zafi. In ka cire ƙwayar, wa zai rasa barci, shi ko kai? Wa zai ji kunya? Sau da yawa ihun mai ciwo mu yake damu, saboda yana tuna mana cewa mun kasa kare shi. Sai mu nemi abin da zai sa ya yi shiru, mu kira shi taimako.

Tambaya ta uku: bayan ya sha, zai fi iya ba da labarinsa ko zai kasa? Maganin kirki yana rage wutar har mutum ya iya zama ya ce ga abin da ya faru, ranar kaza, a wuri kaza, ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Wanda ke sa harshe ya yi nauyi, kwanaki su cakuɗe, wannan ya ci amanar mai shi, ya ci amanar waɗanda ke jiran shaidarsa.

Kuma kada mu manta akwai wani ɓangaren da ke shan maganin mantuwa. Hukumar NDLEA ta sha kama ƙwayoyi a hanyarsu ta shiga daji. Yaron da bai kai ashirin ba da zai harbi dattijo ɗaure da sarƙa, ya koma ya ci abinci, da wuya a ce da idonsa biyu yake. Wannan ɗacin da mutum ke ji in ya yi zalunci, shi ne ƙofar tuba. Wanda ya kashe shi da ƙwaya ya rufe wa kansa ƙofa. Kun ga ƙwaya ɗaya ce ake sayar wa wanda aka ɗaure da wanda ya ɗaure shi.

Haka nan akwai maganin mantuwar da ba a haɗiya da ruwa. A 2019 an yi sulhu da 'yan bindiga a jihar nan. A Yulin 2022 aka naɗa wani jagoransu, kowa ya san sunansa, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji ta ƙasar Tsafe, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Ba zan shiga gardamar sulhu a yau ba. Na san akwai ƙauyukan da in ba a yi ba ba za su yi noma ba, kuma wanda ke kwana a Gusau bai isa ya yi musu gori ba. Abin da nake tambaya shi ne, a duk zaman da aka yi, an taɓa kiran matar da aka kashe wa miji aka ce ta faɗi abin da ta gani, aka rubuta? Ina littafin da ke ɗauke da sunayen mamatanmu, gari da gari? In an ce wa mutum ya yafe alhali ba a ko saurari abin da zai yafe ba, to kunun nan ne aka daka masa ƙwaya a ciki.

Na san wani zai ce: kai ɗan boko, magana ce da kai. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Mai gudun hijirar da bai ci na rana ba, ina ya ga kuɗin motar Kware? Kemis kuwa ga shi a bakin layi. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba ni da amsar da za ta share ta. Akwai wata tsohuwa daga yankin Tsafe da aka yanka ɗanta a gabanta, ta ce min: "Ɗana, da akwai abin da zan sha ranar nan ta fita daga kaina, wallahi da na sha, ko da za ya tafi da rabin hankalina." Ban yi mata wa'azi ba. Wane ni? In har akwai magani mai aminci da zai sauƙaƙa mata, kuma ita ta nema, likita ya duba ta, to haƙƙinta ne, ba wanda zai ce ta ci gaba da ƙonewa don mu samu tarihi. Nauyin ajiye tarihi namu ne, mu masu biro da waya. Mu je mu saurare ta in ta yarda, mu rubuta, sannan mu bar ta ta huta.

Ga abin da nake roƙo, a taƙaice.

In kana da wanda ya dawo daga daji, kada ka ce masa ya manta, kuma kada ka matsa masa sai ya ba da labari. Ka ce masa kana nan duk ranar da ya so magana. Wani ya riƙa kwana kusa da shi. Mutane da yawa suna samun sauƙi da kansu cikin makonni in suna da abinci da tsaro da wanda ke sauraren su.

In wata guda ya wuce ba barci, ko ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi asibiti, kada a jira. A nan Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, a je a ce ana son ganin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin tarayya na Kware a Sakkwato. Mu daina mayar da sunan Kware abin zagi. Akwai magungunan da likita ke bayarwa da ba sa bugarwa, akwai kuma jinya ta hanyar tattaunawa, wadda ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, a haɗa.

In ya riga ya saba da diyazafam ko tiramol, kada a ƙwace rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya tana da haɗari. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Tambaya ɗaya da za ka yi kafin ka ƙirga ƙwaya tana iya ceton rai. Gwamnati kuma, yadda ake ware kuɗin motocin sintiri, a ware na horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Tsafe da Bungudu da sauran ƙananan hukumomi, su iya gane ciwon firgici su san inda za su tura mutum. Duk wanda aka ceto daga daji a riƙa bibiyarsa bayan an gama ɗaukar hoto.

Ƙanena dai na kai shi asibiti daga baya. Na zauna a gaban likita na faɗi da bakina cewa ni na fara saya masa. An ɗauki wata huɗu ana rage masa. Da kansa ya warware, shi ya ce min: "Yaya, ka raka ni gidan mutanen nan." Muka je. Ya zauna a zaure, matar tana bayan ƙyaure tana ji. Ya faɗa musu cewa daren Juma'a ne, kwana goma sha ɗaya kafin a sako shi, don haka aka iya lissafa ranar. Ya faɗa musu cewa su uku ne suka haƙa da sanda suka rufe shi a gindin wata kuka, kuma sun yi masa salla da taimama. Ya faɗa musu cewa dattijon ya ce akwai bashin buhu biyu na dawa a kansa, ya faɗi sunan mai su, ya ce a biya. Yana magana yana kuka, amma bai ɓace ko sau ɗaya ba. Matar ta ce daga bayan ƙyaure: "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yau na san inda nike."

Har yanzu wani daren yana farkawa. In ya farka sai in tashi in kunna fitila, mu zauna, wani lokacin mu yi hira, wani lokacin ba mai cewa komai har a kira assalatu. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu a yanzu haka. Allah ya sanyaya zukatan waɗanda suka dawo, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.